Layin Gishiri a Yadin Casmirah

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Casmirah a Pasirjati, a bakin teku arewacin birnin Pekalongan, kuma shekara talatin da ɗaya muka yi muna jin tarin juna ta cikinta. Ta girme ni da shekara shida, shi ya sa nake ce mata Yu, yadda muke kiran yaya mace. Ni sunana Rohmanah. Sana'ata sayar da shinkafa a ganyen ayaba da safe, ita kuwa zanen batik take yi tun tana 'yar shekara tara.

A wurin mahaifiyarta ta koya. Takan zauna a 'yar kujera, kakin zuma na narkewa a kasko bisa risho, ta ɗebo shi da 'yar butar tagulla mai siririn baki, ta hura bakin sau ɗaya, sannan ta ja layi a farin yadi. Duk inda kakin ya taɓa, rini ba ya kamawa. Aikin ke nan, amma zane ɗaya mai kyau yakan ci wata biyar ko shida. Shekara talatin ta yi tana yi wa wani Alhaji aiki, su mata kusan arba'in a rumfa ɗaya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, yatsunta uku na dama duk tabon ƙuna ne. In zanen amarya ne ko na matar wani babba, ita ake ba. Mijinta Tarjuki masunci ne da ya bar teku ya koma marinar Alhajin, kuma tun daga lokacin hannayensa har gwiwa ba su ƙara komawa kalarsu ba. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure a Bekasi.

Ba wanda zai ce ga ranar da ruwan ya soma. Ba ruwan sama ba ne. Da rana tsaka, sama tas, sai a ga lambatu ya cika yana dawowa da baya, ruwa ya malalo titi a hankali ba ƙara ba komai, ya shiga tsakar gida, ya tsaya. In aka yi la'asar sai ya janye ya bar laka da wari. Da farko sau biyu ko uku a shekara. Daga baya kowane wata, har ya koma kusan kullum. Waɗansu masana suka zo da na'urori suka ce ƙasarmu ce ke nutsewa, teku kuma na tasowa. Bishiyoyin kwakwa suka bushe a tsaye, filin shanyar yadi ya zama tafki. Alhaji ya kwashe masana'antarsa ya mayar kudu inda ake da tudu. Tarjuki ya ci gaba da zuwa a babur, Casmirah ta koma karɓar aiki tana yi a gida.

Kowa ya kama yi wa ɗakinsa ciko. Mu sau uku muka zuba ƙasa muka sake daɓe, har ya zama ina taɓa rufi da tafin hannu. Wanda ba shi da halin ciko ya ɗora gado a kan bulo. Wanda ya gaji ya kulle gida ya tafi.

Wata Laraba muka je ta'aziyya cikin gari ni da ita. Ta bar yadin Alhaji da ta yi wata uku tana zanawa a rataye a jikin katako, gefensa na ƙasa ya kusa taɓa daɓe. Kafin mu dawo ruwa ya shiga, kuma ranar ja ya zo, don ya biyo ta wata marina da ke can sama da mu. Muka tarar ya janye. A jikin yadin ya bar layi miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasansa ja-ja, bakinsa fari da gishiri.

Tarjuki ya dawo ya gani, ya zauna a bakin gado.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Teku ma ta shiga sana'ar. Sai ki gaya wa Alhaji ya sa ta a albashi."

Casmirah ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa tana bin layin da yatsa.

"Kang," ta ce wa mijinta, yadda muke kiran yaya namiji, "dubi yadda ya miƙe. Ni shekara nawa ina yi ban taɓa jan layi haka ba."

"Yu, ki jiƙa shi da sabulu tun bai zauna ba," na ce mata.

"Bar shi, Rohmanah."

Ta biya Alhaji yadinsa, ta ajiye wannan. Bayan sati biyu na gan ta da sassafe ta fito da sabon farin yadi a ninke a ka, tana ratsa laka zuwa gidan Malam Sodikin, wanda ya tashi da iyalinsa tun bara. Ƙofar ta ruɓe, turawa kawai ta yi. Ta buga ƙusa a katakon rufi, ta rataya yadin ya sauko har ƙasa, ta fito abinta. Wata guda ta bar shi. Kullum ruwa ya shiga ya fita sai ya bar nasa layin, wani a idon sawu, wani a gwiwa, wani ruwan ƙasa, wani kore-kore. Da ta ɗauko shi ta shanya, sai ta naɗe ƙasan a leda ta ɗaure don kada rini ya taɓa. A saman layi mafi tsawo ta zana abin da ta sani a ɗakin lokacin da akwai mutane: kejin tsuntsun Malam, butar shayi, keken ɗinkin matarsa, takalman yara jere. Ta tsoma saman a baba sau bakwai. Ƙasan kuwa ta bar shi yadda ruwa ya yi shi.

Na je na gani. Na san butar nan, na sha shayi daga cikinta.

"Wa zai ɗaura wannan?" na tambaye ta.

"Ba na ɗaurawa ba ne."

"To na mene ne?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Daga nan ta bi gidajen da aka bari ɗaya bayan ɗaya. In ka wuce da rana sai ka hango fari yana motsi ta tagar kangon da ba kowa. Matsalar ita ce, yadin da muke batik da shi, shi ne dai wanda muke yi wa mamaci likkafani. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a wurin sayar da shinkafata: wai Casmirah sutura take yi wa gidaje. Ni nakan kare ta. Nakan ce gidan da ya riga ya mutu, me ya rage a yi masa?

A shekara ta biyu wata mata ta zo daga birnin Yogyakarta, sunanta Nindya. Ba ta kai arba'in ba, gashinta a aske kamar na namiji, takalmin roba har gwiwa. Aikinta saƙa manyan abubuwa da zare da igiya da tsohuwar komar masunta, a rataye su a ɗakunan baje koli mutane su zo kallo. Tsohuwar koma ta zo nema wurin masuntanmu. Ta biyo ta layinmu ta ga yadi huɗu a igiyar Casmirah, ta tsaya cak a cikin ruwa.

"Bu," ta ce wa Casmirah, yadda muke kiran babbar mace don girmamawa, "wa ya yi waɗannan?"

"Rabi ni, rabi ruwa."

"Na shiga in duba?"

"Ki sunkuya dai, ƙofar ta gajarta."

Sai da ta yi awa uku a ciki. Ta riƙa tambayar sunan kowane gida tana rubutawa. Da za ta tafi ta ce tana so a rataye su a Yogyakarta, da sunan Casmirah a bango, ba da nata ba. Tarjuki ya ce in dai za a biya kuɗin jirgin ƙasa ya yarda a tafi da matarsa ma a rataye. Casmirah ta ce ba za ta je ita kaɗai ba, sai da ni.

Yadi goma sha ɗaya aka kai. Ɗakin fari ne fat, dogon rufi, an jera su da tazara ta yadda mutum zai bi tsakaninsu. Masu kallo galibi baƙaƙen kaya suka sa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Mu biyu muka rakuɓe kusa da teburin shayi. Wani mai tabarau ya zo ya tambaye ta me take son ta faɗa wa duniya da wannan aiki.

Ta nuna masa ɗaya. "Wannan gidan Malam Sodikin ne. Wancan na Daryuni mai wanki. Ruwan ya fi tsawo a nata don gidan a kwari yake."

Mutumin ya gyaɗa kai ya rubuta.

A rana ta uku aka yi ruwan sama a garin, iska ta yi danshi. Gishirin da ke cikin yadin ya jawo laima, ƙasan kowanne ya jiƙe ya yi nauyi, waɗansu har suka fara ɗiga a kan daɓen. Masu kallo suka ɗauka da gangan aka shirya haka, suna ta ɗaukar hoto. Nindya ta sa aka hana mai shara gogewa. Ni dai da na shiga na ji warin unguwarmu a cikin ɗakin nan mai sanyi, sai na fita waje na zauna a kan matakala. Casmirah ta biyo ni.

"Mu koma gida," ta ce. "Na bar yadi a gida biyu."

Bayan mun dawo hotunan suka bazu a waya. Baƙi suka fara zuwa ranar Lahadi, su ɗauki hayar kwale-kwale, su leƙa kangaye, su ɗauki hoton matan da ke wanki a cikin ruwa ba tare da sun yi sallama ba. Mutane suka ji haushi, kuma a kan Casmirah suka sauke shi. Aka ce tana cin abinci da masifarmu. Wata ta ce ta ji ta tana tambayar masunta yaushe babban ruwa zai zo, da fara'a a fuskarta. Tambayar gaskiya ce, ta yi ta. Fara'ar ce ban gani ba.

Sannan ta yi abin da ya ɓata komai. Kangayen sun ƙare mata, sai ta fara roƙon gidajen da mutane ke ciki. Na farko Darmuji wanzami. Shi da wasa ya ɗauka.

"Rataya, Yu. In na yi suna a Jakarta sai in ƙara kuɗin aski."

Wata uku bayan ta ɗauke yadin, daɓen shagonsa ya tsage gida biyu, ruwa ya riƙa ɓuɓɓugowa daga ƙasa ko babu cikar teku. Ya kwashe madubinsa ya tafi wurin ƙaninsa. Ta biyu wata bazawara ce, Wastiah. Ita wata biyu kawai ta ƙara. Daga nan in aka hango Casmirah da fari a ka, sai ka ji ana ja da ƙofofi. Mata suka daina amsa gaisuwarta a masallaci. Na ce mata ta dakata haka nan.

"Ba ni nake kawo shi ba," ta ce. "Kullum ina zagaya unguwar nan da ƙafa, na san inda ya fi ci. Gidan da na ga ya kusa, shi nake roƙa, don in zana shi da mutanensa a ciki."

"To ai abin da suke tsoro ke nan, Yu. In kin zo an san an kusa."

Ta ci gaba da goge bakin 'yar butarta ta zane.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina yanka ganyen ayaba, na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofata. Akwai farin yadi a ninke a hammatarta. Mahaifiyata, Mak Turah, tana kwance a ɗakin baya, shekararta tamanin da wani abu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

"Kada ki shigo min da shi," na ce.

"Rohmanah, tsaya ki ji."

"Ni ma? Shekara talatin, ni da na tsaya miki a gaban kowa?"

"Wannan na gidan Kasturi ne, can zan kai. Ba rataya na zo yi ba."

"To me ya kawo ki?"

"Bangon ɗakin Mak. Ta ɓangarenmu nake ganinsa. Gishiri ya ci bulon har kafaɗata, jiya na sa yatsa ya shige. Ki fito da ita falo yau."

Da a ce hannu biyu ta zo, da na ji. Amma idona na kan yadin. Na gaya mata maganganun da har yau ba na son maimaitawa. Na ce ta ƙare da gidajen mutane ta dawo kan uwata. Na ce bakinta ne ke rushe gida. Maƙwabta suka leƙo suna ji. Ba ta rama ba.

"Ki zage ni, amma ki fito da ita," ta ce, ta juya.

Da daddare na haska bangon da tocila. Ta cikinmu fenti ne shuɗi, ya ɗan kumbura, ba wani abu. Na ce wa kaina sai ƙanina ya zo ƙarshen wata mu ɗauke gadon tare, don gadon ƙarfe ne mai nauyi. Gaskiyar ita ce ban so a ce maganarta na bi ba.

Kwana goma sha biyu aka yi. Ranar Alhamis bayan azahar, ruwa yana tsakar gida har ƙwauri, ina wanke tukwane a kan benci, na ji wani sauti kamar an sauke buhun shinkafa. Sai muryar Mak tana kiran sunana a hankali. Bangon ya zubo ta ƙasa, rabinsa a kan gadon. Kafin in gama ihu Tarjuki da Casmirah sun shigo ta ramin da ya buɗe daga gidansu. Su suka kwashe bulon da hannu. Casmirah ce ta tallafe kan Mak don kada ruwa ya kai hancinta har aka samo ƙofar da aka ɗauke ta a kai.

Ƙugunta ya karye. Ta yi sati bakwai a asibiti, ta rasu. Maƙabartarmu tana ƙarƙashin ruwa, sai a kudu aka samu wuri, cikin mutanen da ba ta sani ba. Da safen jana'izar Casmirah ta aiko Tarjuki da sabon yadi mai kyau don likkafani. Ƙanina ya tare shi a ƙofa ya ce ya mayar. Ina ji, ban hana shi ba.

Bayan sadakar bakwai mai unguwa ya tara maza. Washegari suka bi gidaje suka cizge duk yadin da ke rataye, guda shida, suka watsa a tafkin tsohon filin shanya. Kwana da kwanaki suna yawo a saman ruwan kafin su nutse. An ce Casmirah ta tsaya a ƙofarta tana kallo, da suka gama ta koma ciki ta kunna risho. Nindya ta zo da kanta ta ce ta samar mata ɗaki a Yogyakarta, da wurin aiki, da ɗalibai masu son koyo. 'Yarta ma ta yi ta waya daga Bekasi tana kuka. Duk ta ce musu tukuna.

Ni na karɓi ɗaki a benen da gwamnati ta gina wa waɗanda ruwa ya kora, hawa na huɗu. Wata tara ban taka Pasirjati ba. Labari dai yana zuwa mini: gida tara suka rage, an yanke wuta a layinmu, Tarjuki ya bar marina saboda ciwon baya ya sayi tsohon kwale-kwale. Na ji kuma an kai aikinta wata ƙasa an nuna, ita ba ta je ba.

A watan jiya na kasa daurewa na tafi. Tarjuki na tarar a inda titi ya ƙare, yana gyangyaɗi a kwale-kwalensa.

"A'a, mutanen sama," ya ce. "An sauko ganin kifaye?"

"Tana nan, Kang?"

"Ina za ta? Tana masallaci tun safe tana faɗa da tsani. Ni bayana ya hana ni."

Ya kai ni har inda kwale-kwalen zai iya shiga, na ƙarasa da ƙafa. An daina salla a masallacin tun azumi. Liman kafin ya tashi ya ba ta mabuɗi da hannunsa. Na tarar da ita a kan tsani, ta rame, gashinta ya yi fari sosai. Ta haɗa yadi huɗu ta ɗinke su wuri guda, faɗinsa ya kai daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ta ɗaure gefe ɗaya, ɗayan yana ta zame mata. Ta waiwayo ta gan ni.

"Kin yi ƙiba," ta ce.

"Yu, na zo ne in ce..."

"Kama min can. Ɗaga sama, kada ya taɓa ƙasa tukuna."

Na kama. Yadin ya fi yadda na zata nauyi. Ta sauko ta jawo tsanin, ta hau ta ɗaure, ta ja ta gwada, sannan ta ce in saki. Muka tsaya muna kallonsa.

"Da na ɗauke gadon," na ce.

"Da ni ma na ajiye yadin a gida kafin in zo miki. Kullum sai na tuna." Ta share hannunta a zani. "Kin ci abinci?"

"Na ci. In kin gama wannan za ki tashi?"

"Wannan zai ci shekara. Sahu nawa ne na mutane, kuma kowa na san inda yake tsayawa."

"Masallacin zai kai shekara?"

Ta ɗaga kai ta dubi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya fara shigowa ta ƙofar gabas, siriri, yana bin layin tayil. Ta ce mu fita kafin ƙarfe biyu. A waje, da yake masallacin a kan tudu yake, ya riga ya kai cinya, ya yi duhu ba a ganin ƙasa. Na nufi inda Tarjuki yake kai tsaye, sai ta riƙo rigata ta baya.

"Ba ta nan ba. Rijiyar masallaci na gabanki, murfin ya tafi tun watan jiya. Bi ta hagu, ki riƙa dafa katanga."

Na bi ta hagu. Tana bayana tana gaya mini inda zan sa ƙafa har muka kai kwale-kwalen.